Layar Ɗanladi a Hannun Bature

Jama'a, yau da bakina na musanta rubutun hannuna!

Ni da Garba, ɗan'uwana bawa, muka ɗauko wani Bature mai yawon ganin birnin Bahiya a kujerar da ake ɗaukar mutum a kafaɗa, muka hau da shi dandalin fada. Muna sauke shi a ƙofar kurkuku sai ya zaro wata takarda. Wai tsaraba ce, ɗan sanda ya sayar masa daga kayan da aka ƙwace bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi.

Wallahi layar da na rubuta wa abokina Ɗanladi ce, wanda sojojin doki suka kashe a unguwar Água de Meninos ranar tawayen! An farke fatar, ga busasshen jini a gefe.

Ya miƙo min yana murmushi. "Kai, karanta min!"

Ga mai gadi da bulala, ya kafe ni da ido. Kun san azabar da karanta harafin Larabci ɗaya ke jawo wa bawa yanzu.

Garba ya raɗa min, "Malam, rufa mana asiri."

Na riƙe takardar a juye, na ce, "Ranka ya daɗe, ni jahili ne."

Ya kwashe da dariya, ya cusa ayar Allah a jakar tabarsa. Kuma ni na sake saɓa shi a kafaɗa har masaukinsa!