Sabil ne, ba hadiyya ba

Jiya da azahar ina cikin mota, tsaye a danja a unguwar Sharafiyya, rana kamar za ta narkar da kwalta, sai na hango Inna Dije, maƙwabciyarmu mai sayar da gyaɗa, ta nufi motar 'yan sanda da kular ruwa a hannu.

Duk layinmu an san ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Umra ta zo tun ina yaro, ba ta koma ba. Irinsu ko motar askari suka hango daga nesa, canza hanya suke yi. Na faka na bi ta da sauri.

Ta miƙa wa wani askari, ɗan sandan da ke motar, robar ruwa mai sanyi. Ya dafa ƙirji ya ce, “Shukran ya khala, amma an hana. Hukuma ke ɗauke da mu, ba ma karɓar hadiyya, wato kyauta, a hannun kowa.”

Ta ce, “Ya waladi, wa ya ce maka hadiyya ce? Sabil ne. Hadiyya ana jiran tukuicinta, sabil kuwa ruwan Allah ne, na duk mai jin ƙishi. Ba kakinka nake shayarwa ba.”

Ya kalle ta. Ni dai jira nake ya tambaye ta takardu. Sai ya karɓa, ya yi bismilla, ya shanye, ya ce ta ba abokin aikinsa ma.

A hanyar gida na ce, “Inna, ba ki ji tsoro ba?”

Ta ce, “Na ji mana. Amma leɓensa ya bushe.”

Ni da takardata ke aljihu, ban taɓa lura ɗan sanda yana jin ƙishi ba. Ku fa?