Ramin da Muka Haƙa wa Mashin

Shekarar da na dawo Agadas daga lakwal, makarantar boko ta Yamai, da takardar gamawa a aljihu da ɗan aikin biro, wato ofis, a hannu, na tarar kafaɗar Baba ta dama ta fara ƙi masa. Maƙeri ne, a rumfar cikin gidanmu yake aiki. Huda ƙarfe ita ta fi cin sa. Sai ya gasa ƙarfen ya yi ja, ya ɗora tsinke a kai, ya yi ta dukan sa da masaba har ya ɓulle ta baya. Kowane duka a kafaɗar nan yake sauka. Bai taɓa faɗa ba, amma ina ganin yadda yake ɗaga buta da hagu.

Yana da aboki tun na samartaka, wani mai lambu daga Tabelot, wanda yake sauko da albasa a kan raƙuma. A wannan zuwan ya kawo masa aiki. Masu lambu a wajensu suna son maɗauran ƙarfe na itatuwan bakin rijiya, inda sa yake jan guga, kowane maɗauri da huda shida. Ya ce zai karɓa in ya sauko da albasar gaba.

"Maƙeri, in ka yi wannan, aikin kwarinmu duk naka ne," in ji shi. "In kuwa tsufa ya ci ka, ka gaya mini tun yanzu, akwai wani a bayan garaj na soja, yana huda ƙarfe da sanyinsa kamar mai huda ƙwarya."

"Tsufan da bai hana ka hawan raƙumi ba, ni zai hana zama?" in ji Baba.

Suka yi dariya. Amma da baƙon ya tafi, Baba ya kira ni.

"Malam," haka yake ce mini tun da na dawo, ban san ko girmamawa ce ko tsokana ba, "abin nan mai huda ƙarfe da sanyi, ana sayar wa mutum irina?"

Na ce wataƙila, sai na bincika.

A wani kanti na bakin kasuwa akwai littafin kaya mai hotuna, da Faransanci, wanda ake zaɓa a ciki a aika Damagaram, daga can kuma a aika gaba. Na aro shi kwana uku. Mashin huɗu na samu. Ɗaya da lantarki yake aiki, wannan ba zancenmu ba ne. Ɗaya babba ne mai ƙafarsa ta ƙarfe har ƙasa, kuɗinsa ko an sayar da awakin gidan duka ba za su kai ba. Saura biyu ne abin da Baba ya ajiye zai iya ɗauka. Na farko ƙarami ne, a hannu ake riƙe shi, a danna da ƙirji ana juyawa. Na biyu yana tsaye da kansa, yana da hannu a gefe da ake juyawa, da wani faifan ƙarfe a bisa wanda ake murɗawa tsinken ya riƙa sauka.

Ba na so a ce ban yi hattara ba, domin hattarar ce ma ta kusa hana ni cin abinci. Na aro ma'auni daga biro na auna kaurin ƙarfen wata tsohuwar mota da Baba zai yanka. Na auna faɗin ƙusoshin da za su shiga. Na je garaj na tambayi wani mai gyara ko tsinken yana saurin karyewa. Kullum Baba ya tambaye ni sai in ce, "Kowanne da amfaninsa, Baba, kuma kowanne da illarsa."

A rana ta uku ya karɓi littafin, ya nisanta shi da idonsa, ya ɗora ɗan yatsa a kan ƙaramin.

"Wannan ya yi kama da kayan aiki. Wancan ya yi kama da mai jiran a yi masa aiki."

Na ce ƙaramin da ƙarfin jiki ake danna shi, kafaɗar za ta sha wuya. Na ce mai tsayuwar shi yake danna kansa. Na faɗi haka da ƙarfin gwiwar da ban saba da shi ba, kuma ina ganin daɗin muryata ne ya ruɗe ni.

"To, kai ka yi karatu," in ji shi. Ya rufe littafin.

A ƙarƙashin hoton akwai layi guda da ya ce ana kafa mashin ɗin a bakin tabur, wato tebur, da bulon huɗu, ƙusoshi masu murɗi. Na karanta shi, ba sau ɗaya ba. Idona ya wuce kamar an rubuta cewa ana shan ruwa da baki. Shekara bakwai ina ci a tabur, ina rubutu a tabur, ina gyangyaɗi a tabur. Ban tuna ba cewa a gidanmu babu shi, kuma a unguwarmu ban taɓa ganin maƙeri yana aiki a tsaye ba. Baba a ƙasa yake zama kan buzu, uwar maƙera tsakanin gwiwoyinsa, yatsun ƙafarsa su riƙe ƙarfe, hannayensa biyu su yi aiki. Ƙafar nan ita ce hannunsa na uku. Tun ina rarrafe nake ganin haka.

Wata huɗu muka yi muna jira. Duk kamiyon, babbar motar kaya, da ya shigo daga kudu sai in je in tsaya. Baba kuwa ya yanke maɗauran duka ya jera su a gindin bango, bai huda ko ɗaya ba, yana adana kafaɗarsa. Da akwatin ya iso, saura kamar sati uku mai lambu ya sauko.

Muka fito da shi daga cikin ciyawa, baƙi, yana warin mai. Baba ya girke shi a gabansa kan yashi, ya zauna, ya kama hannun ya juya. Bai kai rabin zagaye ba ya daki ƙasa. An yi hannun dogo ne don ya riƙa lilo a gefen tabur, yana sauka ƙasa da gindin mashin ɗin. Ya mayar da shi baya, ya sake dukan ƙasa ta ɗaya gefen.

Inna tana bakin rumfa da ƙwaryar gero. Ta ce, "Ko dai an manto ƙafafunsa a hanya?"

Na ce ba a manto komai ba. Na faɗa musu zancen tabur. Ban ce ban gani ba, amma ban ce na gani ba. Baba ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya mayar da ido kan mashin.

Katako mai kaurin da zai ɗauki wannan nauyi ba abin samu ba ne a garinmu. Muka samo gungumen goriba muka binne shi, muka bar shi daidai gwiwa, muka ɗaure mashin a kai. Hannun ya samu wurin juyawa. Amma yanzu ƙarfen da za a huda ya hau sama, ƙafar Baba ba ta kai wa. Ya miƙe tsaye, ya sunkuya, ya riƙe maɗaurin da hagu yana juyawa da dama, ni ina murɗa faifan sama. Ƙarfen ya fara fitowa siriri yana nannaɗewa, har na ji zuciyata ta yi sanyi. Daidai lokacin da tsinken zai ɓulle sai ya cije, ya fizge maɗaurin ya juya da shi, gefensa ya tsaga tafin hannun Baba.

Inna ta ɗaure masa da tsumma. Kwana shida bai taɓa aiki ba. Ni kuma a biro ina kwafar takardun Nasara ina ɓata layi, ina sakewa.

A rana ta bakwai na dawo da azahar na same shi da fartanya a hannu guda. Ya tone gungumen, yana zurfafa ramin don kansa ya yi daidai da ƙasa.

"Kama nan, Malam. Haƙa mini wani a gefe, zurfin kamu ɗaya. In shi ba ya zama, hannunsa ya shiga rami."

Na tuɓe rigar biro na haƙa. Ya zauna kan buzunsa, ya danne maɗaurin da ƙafa, ya juya hannun da hagu, yana shiga ramin yana fitowa. Ya yi. Sai dai faifan sama ya rage, kuma don ya kai gare shi daga zaune sai ya ɗaga hannun dama sama da kansa, ya riƙe shi a haka har huda ta ƙare. Kafaɗar da aka sayi mashin saboda ita, ita ce aka bar wa mafi wuyan aikin. Sau biyu ya gwada, ya sauke hannun a hankali.

Daga nan ni nake murɗa faifan, da azahar da kuma bayan la'asar in an tashi daga biro. Ba mu da sauran lokaci. Ranar da raƙuman albasa suka iso, abin da muka gama bai wuce rabi ba.

Mai lambu ya ɗaga maɗauri ɗaya ya leƙa ta cikin hudar, ya ce bai taɓa ganin mai kyanta ba. Ya leƙa ramin, ya dubi tsumman hannun Baba, ya dube ni.

"Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, "a lakwal aka koya muku binne mashin da ransa?"

"Bar shi," in ji Baba. "Ni na ce ya zaɓa."

Mutumin ya ɗauki waɗanda aka gama. Sauran ya tattara su ba huda, ya ce mutane suna jira, ruwa ba ya jiran zumunci. Baba da kansa ya taya shi ɗaure su. Mun san inda za a kai su. Ya ci gaba da sauka a gidanmu duk shekara, da albasarsa da tsokanarsa, amma aikin kwarin bai sake kawowa ba.

Har yau ban sani ba ko ƙaramin da Baba ya nuna zai fi. Mai yiwuwa ƙirjinsa ne zai gaji a madadin kafaɗa. Na sha lissafa abin ta kowace fuska. Abin da na sani shi ne da ƙaramin a zaune zai yi aikinsa, ƙafarsa a kan ƙarfe, ba ya jiran kowa ya taso daga biro.

Bayan shekara ɗaya aka mayar da ni garin Tawa. Da na zo hutu na tarar an rufe mashin ɗin da tsohuwar tabarma, kaza ta yi ƙwai a cikin ramin. Baba yana zaune kan buzu, ƙarfe ja a gabansa, tsinke a dama, yana koyon ɗaga masaba da hagu.