Wunin da Na Bi 'Yata da Littafi

Lokacin da 'yata take shekara biyu da rabi, na kai ta awo asibitin unguwarmu a Zonkwa. Bayan an ɗora ta a sikeli, nas ɗin ta zaro takarda ta ce in faɗi duk abin da yarinyar ta ci jiya, daga tashi har kwanciya. Ni malamar lissafi ce, ban ga abin wahala ba. Na ce kunun gyaɗa kofi ɗaya, paten acca kwano guda da rana, doya yanka uku da yamma. Ta tambayi girman kofin da yawan manjan, na amsa ba gargada.

Ta danna wayarta, ta ɗago ta dubi yarinyar. Wai abin da na lissafa ya ishi wanda ya girme ta nesa, ga shi nauyinta wata biyu bai motsa ba.

"Madam, anya ba ki ƙara gishiri ba?"

Na dawo gida raina a ɓace. Ranar Asabar na ɗauki littafi da biro, na ce yau sai na ga kowace loma.

Kunun, rabi ta sha, saura ya tafi a gaban riga. Paten kuwa a tire ɗaya take ci da 'ya'yan wan mijina su huɗu. Ita tana ba su labarin akuya, su suna aiki, kafin ta kai hannu sau biyar an suɗe tiren. Ashe wankakken kwano nake gani kullum ina murna. Doyar ma, yanka biyu kare ya karɓa a ƙarƙashin benci.

Sai abin da ban taɓa sani ba. Da hantsi Bafillatanar da ke kawo mana nono ta ɗura mata ludayin kindirmo kyauta, ta ce kullum haka suke yi. Da la'asar yarinyar ta shige ɗakin Mama, surukata, ta fito baki duk garin biskit. Na shiga na tambaya cikin ladabi, guda nawa ta ci.

"Ba ta ci komai ba," in ji Mama.

Na nuna mata ledar biskit ɗin a kan gado. Ta ce biskit ai ba abinci ba ne, shayi ma ruwa ne, kuma ita ta raini yara bakwai ba ta taɓa ƙirga wa ɗayansu loma ba. Mijina ya dawo daga gonar citta, bai ga yarinyar ba tun safe, amma da na tambaye shi sai ya ce ta ci sosai.

Na koma asibiti da shafi uku. Nas ta karanta tana dariya, sannan ta ce takardarta ba ta da gurbin loma biyar a tiren mutum biyar, in zaɓa: rabin kwano ko kwata? Na ce ta rubuta wanda ta ga dama.

A hanya na saya wa yarinyar ɗan kwanonta ita kaɗai, na roƙi Mama a bar biskit sai bayan abinci. Awo na gaba nauyinta ya ɗan ɗaga. Mama kuwa ta fi wata tana kirana Likita a gaban baƙi.