Tsohon da Ya Murɗa Tsirkiya

A kasuwar garin Furtwangen na ƙasar Jamus, wani tsoho yana tsaye cikin rigar aikin masana'antar agogon da aka rufe bara, idonsa yana roƙon masu wucewa. Yana sayar da ƙananan gidajen katako masu nuna yanayi: 'yar tsana mace takan fito in za a yi rana, namiji in za a yi ruwa. Wata tsirkiya a cikin kowane gida ce ke juya su gwargwadon danshin iska. Yau hadari ya haɗo, mazan duk suna waje, ba mai saye.

Wata mai sayar da cuku ta ce, "Haba Baba, wa zai kai ruwa gida? Murɗa tsirkiyar, matan su fito!"

Shekara arba'in ya yi yana hana gidajen nan ƙarya. Ya murɗa tsirkiyar gida ɗaya. 'Yar tsanar macen ta fito. Ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a kanta.