Jibin da Aka Hana Yayata

Yayata ce ke gasa burodin Jibin Ubangiji, wanda ake ci don tunawa da mutuwar Yesu, a cocinmu, amma ba ta taɓa sa shi a baki ba. Dalili kuwa, aurenta na gida ne. An kai goro, iyaye sun yarda, sai dai ba a tsaya gaban fasto an sa zobe ba. A dokar cocinmu, irin wannan mace tana iya shara, tana iya waƙa, tana iya wanke kofuna, amma in an kira jama'a gaban tebur sai ta zauna a bencinta. Mijinta kullum "bari in samu hali". Da haka ya tafi Legas neman aiki.

Shekarar da aka koro mutanen ƙasarmu daga Najeriya, shekarar yunwar nan, Yaya ta yi ta zarya tasha tana leƙa kowace mota. Mazan wasu sun dawo, ko da buhu ɗaya. Nata shiru, ba labari, ba gawa. Daga nan ciwon ƙirji ya kwantar da ita a ɗakin hayarmu a unguwar Tishigu. Wata safiya ina ba ta koko ba sukari, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, ina so in ci Jibi, ko sau ɗaya, kafin in tafi."

Na je wurin fasto, ya ce maganar ta dattawa ce. Babban dattijon ya zo a kan keke, farar rigarsa ta sha guga. Bai shiga ɗakin ba, ya zauna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida.

Na ce, "Baba, mutuwa fa take yi."

Ya ce, "Na sani, 'yata. In mijin na da rai, ya zo a ɗaura a coci. In ya mutu, sai mu karɓe ta a matsayin gwauruwa. To, wanne ne?"

"Baba, da na san wannan, ai da ita na fara gaya wa."

Sai ga maƙwabcinmu, wani ticha daga kudu da ya bar coci tun da ya fara karatun juyin juya hali. Ya jawo kujera yana cewa, "Papa, ka gani ko? Addini maganin barci ne kuke ɗura wa talaka. Allura matar nan ke bukata, ba gutsuren burodi ba."

Na ce, "Ticha, kana da allurar?"

Ba shi da ita. Amma baki, akwai. Dattijo ya jawo aya, ticha ya jawo sunan wani Bature, har inuwa ta juya. Wallahi daɗin abin suke ji. Suka shanye ruwan da na ɗebo tun asuba daga nesa, kuma a cikinsu babu wanda ya ɗaga labulen ɗakin.

Da na shiga, na tarar Yaya tana dariya tana tari. Ta ce, "Ƙyale su. Yesu ai bai tsaya a tsakar gida ba. Tun da na kwanta yana nan. Komai ina gaya masa, har da fushin da nake yi da shi kan mijina."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna. Amma bai tashi ya tafi ba."

Na ce to ke nan ta haƙura da Jibin? Ta harare ni. "Ina so mana. Teburinsa ne, ba nasu ba."

Dattawa suka ce za su zauna kan maganar bayan bikin godiyar girbi, a shekarar da babu abin da aka girbe. Yaya ba ta kai ba.

Ranar jana'iza mawaƙa suka zo da dogayen rigunansu, coci ya cika. Dattijon nan ya tashi ya ce 'yar'uwarmu yanzu tana zaune a teburin Ubangiji. Jama'a suka ce amin. Gaskiya ya faɗa, na yarda da ita har yau. Amma ni ban ce amin ɗin ba, ina dai kallonsa har ya gama ya zauna.