Gwiwoyin Mijin Yayata

Shekara arba'in da ɗaya Clifford Ackroyd ya yi yana ɗinka kushin na kujerun bas a garejin da ke gangaren kasuwar Barnsley. Duk wanda ya taɓa shiga bas a garinmu kafin ya yi ritaya, a kan aikin hannunsa ya ɗora mazaunansa. Shi ne mijin yayata, Glenys. Ni ce Hazel, autar gidanmu, kuma tun ranar da ya fara zuwa zance ya ƙume goshinsa da saman ƙofarmu nake kiransa Dogo, shi kuma ya rama da Guntuwa. Yau shekara arba'in da biyar ke nan, ban fasa ba, bai fasa ba.

Tsayin nasa duk a ƙafa ya tare. In ya zauna a coci, gwiwoyinsa ne ke fara gaida mutanen layin gaba. Ga shi da cutar sana'a: ba ya zama a kujera sai ya latsa ta da babban yatsa, ya girgiza kai ya ce, "Soso ne zalla. Wanda ya yi wannan ba ya tsoron Allah." Ya faɗa a gidan biki, ya faɗa a asibiti, har a motar da ta kai mu jana'izar mahaifiyarmu sai da ya faɗa, na harare shi ya yi kamar bai gani ba.

Glenys na fama da sanyin ƙashi. Da Nuwamba ta kama, yatsunta sai su ƙanƙame, ko maɓallin riga ba ta iya sawa. Shi ya sa duk Janairu ni da ita muke hawa jirgin nan mai araha daga Leeds zuwa tsibirin Tenerife mai ɗumi, mu yi mako uku muna shanya ƙasusuwa. Kwana huɗu tana shan rana, sai ka ga hannun ya buɗe. Ta yi saƙa, ta ɓare lemo da kanta, ta gyara gashinta ba da taimakona ba. Dogo kuwa iyakarsa ƙofar filin jirgi. Sau ɗaya na nuna masa hoton cikin jirgin, ya ƙura wa kujerun ido ya ce, "Awa huɗu da rabi a kan wannan? Ko kare ba zan ɗora ba." Daga nan ba wanda ya sake tada maganar.

Bara, wata Juma'a cikin Oktoba, muna cin kifi da soyayyen dankali a teburinta, sai Glenys ta ture farantinta.

"Bana ba ni zuwa," ta ce.

"Haba Yaya, wane irin ba kya zuwa?" na ce.

Ba ni take kallo ba, shi take kallo. "Na gaji da ba da labari, Cliff. Shekara tara ina dawowa ina ce maka hannuna ya buɗe, kafin mu iso gida ya fara rufewa. Kai matar sanyi kawai ka sani. In ba za ka zauna kusa da ni mu je ka ga ɗayar ba, to in zauna nan mu daskare tare."

Na san yayata, in ta ƙi abu ta ƙi shi ke nan. Kuma na san abin da sanyin Barnsley zai yi mata in ba ta fita ba: gado har Afrilu. Ba zan ɓoye ba, hutuna ma na tuna, don ni kaɗai ba zan iya zaman otal ba. Dogo ya ci gaba da cin abincinsa. Ya cinye kifinsa, ya cinye ragowar nata, ya tashi ya wanke faranti.

Washegari ya kira ni. "Guntuwa, inci nawa ne daga kujera zuwa kujera?"

"Ni za ka tambaya? Ni da ƙafata ko ƙasa ba ta kaiwa?"

Sai da ya buga wa kamfanin waya sau uku kafin ya samu mai amsa masa. Inci ashirin da tara. Ya kwashe tukwanen fure daga ɗan ɗakin katakonsa na bayan gida, cikin mako guda ya ƙera kujeru uku a jere, ya kafa allo a gabansu daidai awo, har da ɗan tebur mai naɗewa. Da gangan ya sa musu mugun soso, abin da ya ce ya fi komai yi masa ciwo a aikin.

Duk Lahadi bayan abincin rana sai a kira ni gwaji. Glenys a jikin bango, don a jirgi gefen taga take jingina kafaɗa, an lulluɓe ta da bargo biyu. Ni a bakin hanya, don mafitsarata ba ta da haƙuri. Shi a tsakiya. Sai ya kunna injin shara ya ajiye a bayanmu, wai ƙarar jirgi. Duk bayan awa ɗaya in tashi in turo baro da butar shayi a ciki, in ce, "Ranka ya daɗe, shayi ko kofi?" In na yi dariya ya ce a sake daga farko.

A nan ya gano dabarunsa. A cire takalmi. A fitar da walat daga aljihun baya, an samu rabin inci. A shiga da gefe, gwiwar hagu ta nufi taga, ta dama ta shigo gonata. Sai babbar doka, wadda ya ce in aka karya ta komai ya rushe: duk minti arba'in ya miƙe ya taka goma ya dawo, kafin ƙafa ta mutu. Ya ɗinka wa Glenys wani siririn matashi da gashin doki da ulu, aikin da ban taɓa ganin mai kyansa ba. Kansa bai yi wa komai ba, ya ce kowane inci na gwiwa ne. Kafin Kirsimeti mun cika awa huɗu da rabi cur, ni kuwa na fito da murar da ta kai ni sabuwar shekara.

Ranar tafiya, da hantsi, muka shiga jirgi, layi na ashirin da bakwai. Ya latsa kujera da yatsa, ya buɗe baki, Glenys ta dube shi, ya haɗiye maganar. Sannan ya naɗe kansa ya shige tsaf, kamar yadda ya koya. Ya dube ni yana jiran yabo, ni kuwa na hana shi.

Ana shirin rufe ƙofa sai ga ma'aikaciyar jirgi, kyakkyawa, tana murmushi.

"Baba, don Allah ka taimaka mana. Babu kowa a layin ƙofar gaggawa, kuma ba ma tashi sai da mai ƙarfi a wurin. Ga fili, ka miƙe ƙafa son ranka."

"To matata fa, 'yata?"

"Mai ciwon hannu ba ta zama can, Baba. Doka ce."

Jama'ar layi uku sun juyo suna kallo. Mutumin garinmu kuwa ya gwammace a cire masa haƙori da ya ce a'a a gaban mutane, balle ga yarinya mai kayan aiki da ta ce don Allah. Ya dubi Glenys. Ta juya fuska ga taga ta ce, "Je ka mana." Ni na san wannan muryar tun ina cikin zanen goyo, amma idona na kan kujerar da za ta zama fanko. Allah Ya yafe mini, ni na ƙarasa shi.

"Tashi, Dogo. Tsuntsu daga sama gasasshe, kai kuma kana wani jan aji."

Ya warware kansa, ya ɗauki takalmansa, ya bi ta har layi na goma sha biyu.

Jirgi na tashi na ɗage hannun kujera, na baje, na ɗora jakata a wurinsa. Na kwance burodi da cuku na miƙa wa Glenys, ta girgiza kai. Hannuwanta na kan cinyarta a dunƙule.

"Ya dai yi ƙoƙari," ta ce. "Baɗi ki nemi wata ku riƙa zuwa."

Na ajiye burodin. Kunya ta kama ni irin wadda na daɗe ban ji ba, na sauke jakata ƙasa a hankali kamar wani na gani.

Abin da ya faru a gaba, shi ya ba ni labari daga baya, kuma bai rage komai ba. Ya ce da ya miƙe ƙafafun nan har suka kai ƙarshe bai taɓo komai ba, ya motsa yatsunsa, wani daɗi ya ratsa shi tun daga dunduniya har ƙeya. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa zama a abin hawa haka ba. "Guntuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, minti goma na manta ina da mata." Sai jirgi ya huda gajimare, rana ta faɗo masa a cinya, irin ranar da bai gani ba tun Satumba. Ya juya zai ce wa Glenys ga ranar nan, ya tarar da kujera wayam.

Ana kashe fitilar ɗamara ya kira ma'aikaciyar, ya ba ta haƙuri har sau huɗu, ta ce ba komai, ta samo wani ƙaton mutum ya maye gurbinsa. Sai dai kafin ya fito hanya, amalanken shayi ya riga shi, ya nufo baya, ya cike hanya fam. Daga inda nake ina hango sanƙonsa a bayan amalanken, takalmi a hannu, yana matsawa taku ɗaya duk minti uku. A layi na goma sha bakwai akwai wasu mata goma masu rakiyar ƙawarsu amarya, duk da hula iri ɗaya, kowacce sai ta tambayi abin da ake da shi, ta canza ra'ayi, ta sake canzawa. Sau ɗaya ya ce, "Gafara dai," ba wanda ya ji, shi kuma ya ga in ya maimaita ya zama rashin kunya. Wani tsoho ya ɗauka ma'aikaci ne, ya miƙa masa ɓawon ayaba, ya karɓa ya yi godiya. Da ya ga tsayuwar ta yi yawa sai ya shiga taya su miƙa kofuna. Minti arba'in da biyar ya yi daga layi na goma sha biyu zuwa namu.

"Matsa, Guntuwa."

"Me ya dawo da kai? An kore ka ne?"

"Kujerar can soso ne zalla," ya ce, bai kalli kowa ba.

Ya naɗe ya shige. Glenys ta matso kusa da shi. Ta zura hannunta ƙarƙashin nasa, ta ɗora kai a kafaɗarsa, ɗayan hannun a kan gwiwarsa ta hagu. Kafin in gama shayina ta yi barci, har da ɗan munshari. Matar da tun Nuwamba ba ta haɗa barcin awa biyu ba.

Minti arba'in na cika na taɓa shi. "Lokaci ya yi. Tashi ka taka."

"Kika tashe ta, ni da ke ne," ya raɗa.

Wani arba'in ya wuce, wani ya biyo. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na ce ko in ɗan janye masa hannunta, ya zare mini ido. Ƙarshe ni na riƙa kai masa kofi baki yana kurɓa, na share masa gemu da tsumma. Sama da awa uku mutumin nan ko yatsa bai motsa ba, sai da tayoyin jirgi suka daki ƙasa, ƙawayen amarya suka ɓarke da tafi, sannan Glenys ta buɗe ido ta ce, "Har mun iso?"

Kowa ya fita, Dogo na nan. Ƙafa ta mutu murus, ƙugu ya ƙi. Ni da ma'aikata biyu muka kama shi muka zaro da gefe, yana ta ba mu haƙuri, gwiwoyin a lanƙwashe yadda suke a zaune. A bakin ƙofa iska mai ɗumi ta doke mu, ga wani mutum tsaye da keken marasa lafiya, yana duba takarda yana cewa, "Uwargida Ackroyd?"

"Ga maigidan nan, shi za ka ɗauka," in ji Glenys.

"Ba nawa ba ne," Dogo ya ce, yana rataye a wuyan ma'aikata. "Glenys, naki ne. Mutane na kallo."

"Su kalla. Shekara tara, duk sanyi, kai kake goya ni zuwa bene da yamma, ka sauko da ni da safe, ka ce kada in gaya wa Hazel. Yau ɗaya dai ka bari a tura ka."

Ni da nake gidan kusan kullum, ban taɓa sani ba. Na tsaya ina laluben fasfo a jaka alhali yana hannuna, don kada su ga fuskata. Da na ɗago, har sun yi nisa a doguwar barandar filin jirgin, shi a keke, ita tana tafe a gefensa da ƙafarta, tana ce wa mai turawa ya rage sauri don ta iya bin su.