Falankin Bayan Kabad

Mijina ya rasu ana shiga bazara, lokacin da garin Minna ke zama kamar an kifa wa mutum tukunya. Ba mu haihu ba. Da aka yi sadakar bakwai jama'a suka watse, gidanmu na Tudun Fulani ya rage daga ni sai gwaggonsa, wadda danginsa suka ɗauko daga Limawa ta taya ni zaman takaba. Tsohuwa ce mai kirki, ba zan yi mata sharri ba, amma kunnenta ya yi nauyi, kuma da ta yi azahar sai barci. Ni kuwa ƙofar gida ta zama iyakata.

Na san zan yi kuka, na san zan bar kwalliya da turare, duk waɗannan ba su dame ni ba. Shirun gidan ne ba wanda ya gaya mini. Marigayi mutum ne mai son ƙara. Yana aiki a jami'a can Gidan Kwano, kuma da ya dawo, kafin ya cire hula ya kunna kayan sautinsa. Kabad ne na katako mai ƙofar gilashi, talabijin a kansa, dikoda a ciki, a ƙarƙashinta amfilifaya, wato injin ƙara sauti, baƙa mai nauyi, sai sifikoki a kusurwoyin falo. Shekara da shekaru ina mita, ina cewa ya mayar mini da falo gidan kallon ƙwallo. Ga shi yanzu ni ce ke lalubar maɓallin da safe, don in ji muryar ɗan Adam ta cika ɗakin. Karatun Alƙur'ani nake sawa, da tafsiri, da labarai. Gaskiya ko hasashen yanayi ne zan saurara, ni dai a yi magana. Ina jin tsoron kada in zare, wannan shi ne gaskiyar zancen.

Sai dai amfilifayar ba ta jure zafi. Kafintan da ya yi kabad ɗin ya matse ta ta ko'ina, ya rufe bayan da falanki, bai bar komai ba sai rami ɗaya da wayoyi ke bi. In ta yi aiki kaɗan sai ta ɗauki zafi har ba ka iya ɗora hannu a kanta, ta yi ƙas, ta ɗauke. Marigayi ya san da haka. Kullum cewa yake ranar Asabar zai cire bayan iska ta riƙa wucewa, Asabar ta zo ta tarar da shi a ɗaurin aure. Dabararsa ita ce ya buɗe gilashin ya juya mata fanka.

Ni ma haka na so yi, amma Gwaggo tana da nata ilimin. A wurinta kayan mamaci amana ne, amana kuwa rufe ta ake yi. Ta samo wani farin leshi ta ninka, ta lulluɓe amfilifayar da shi, ta tura gilashin.

"Gwaggo, zafi yake kashe ta," na ce da ƙarfi don ta ji.

"Ƙura ke kashe kaya, 'yar nan. Ni rediyon maigidana Malam shekara nawa ta yi a cikin zane, ba abin da ya same ta."

In cire, ta mayar. In ta kwanta in sake cirewa. Haka muka yi ta yi kamar masu wasan ɓuya, ba wadda ta ɗaga wa wata murya.

Wan mijina yakan zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ba ya shiga, a baranda yake tsayawa mu gaisa ta bayan labule. Wata Juma'a na yi ta maza na ce, "Yaya, ina neman izini a kira kafinta ya cire falankin bayan kabad ɗin nan. Injin yana ɗaukar zafi yana ɗaukewa."

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Kayan nan yanzu ba nawa ba ne, ba naki ba ne, na magada ne. Ko ƙusa ɗaya aka zare sai Allah Ya tambaye mu. Komai ya zauna yadda mai shi ya bar shi har a raba."

"To a fito da injin a ajiye shi a ƙasa."

"Wa zai mayar da wayoyin? In ya lalace a hannunki me za ki ce wa mutane?"

Na so in ce ai ni ma ina cikin magadan, amma na haɗiye. Mai takabar da ta cika maganar kaya, kafin magariba an kai labarinta Limawa, an ce ko kabari bai bushe ba ta fara zancen gado. Na ce to, Allah Ya saka da alheri. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa cin abinci ranar.

Fanka ɗaya batirin solarmu ke iya ɗauka tare da kayan sautin, wutar gari kuwa sai ta ga dama. Saboda haka kowace rana, da Gwaggo ta kwanta, sai in yi zaɓi. In na juya fankar kaina, in sha iska, amma ba a jimawa sauti ya ɗauke. In na juya wa amfilifayar, malamin tafsiri ya ci gaba da magana, ni kuma gumi ya jiƙa mini hijabi har gadon baya. Kusan kullum ita nake ba wa. In batir ya yi ƙasa in kashe fankar, in zauna a kan tabarma gaban kabad da mafici ina yi wa ƙarfe fifita, kamar mai jinya. Daga nan ina jin Bafulatana mai nono tana wucewa tana kiran ciniki, ina jin keke napep yana sauke 'yan makaranta. Wata rana na kama kaina ina amsa wa mai karanta labarai sallama da babbar murya, har da tambayarsa ya gida.

Sau da yawa na leƙa bayan kabad ɗin. Falankin siriri ne, ƙananan ƙusoshi ne suka riƙe shi. Da wuƙar kicin zan iya ɓamɓare shi. Sai in tuna muryar Yaya, in tuna cewa ba ni da ɗa a gidan da zai tsaya mini, in koma in ɗauki mafici.

Ranar da abin ya ƙare, wanka na shiga. Na bar gilashi a buɗe, fanka na kaɗa wa amfilifayar, ana karatu. Ina cikin banɗaki na ji karatun ya yanke. Da na fito, ƙaurin roba ya cika falo. Gwaggo ta farka, ta mayar da leshinta, ta rufe gilashi, ta juya fankar wajen tabarmata.

"Na ga kwanan nan kina ta gumi," ta ce. "Zauna ki sha iska, 'yar nan, ƙarfe ba ya jin zafi."

Tausayina ta ji. Na danna maɓallin, na sake dannawa. Ko 'yar fitilar ba ta kawo ba. Talabijin ɗin kuwa ta cikin amfilifayar aka haɗa muryarsa, don haka hoto kawai ya rage, mutane suna ta motsa baki. Na kashe shi.

Sauran takabar a haka na yi ta. Ba na son tuna waɗannan makonni. Na rame, barci ya ƙaurace mini, nakan zauna bayan ƙofar gida in kasa kunne ko wani zai wuce yana waya. Gwaggo ta ce aljanu ne, ta yi ta turara mini habbatussauda.

Bayan na fita takaba aka raba gado, kabad ɗin ya faɗa rabon wata ƙanwar marigayi. Yaya ya zo da a-kori-kura da masu ɗauko kaya biyu. Suka zare wayoyin kamar masu cire ciyawa, suka cicciɓo kabad ɗin zuwa tsakar gida, sai ya ƙi ba su wurin kamawa. Ɗayansu ya ce, "Oga, wannan baya yana hana hannu, a cire shi?"

"Cire mana," in ji Yaya.

Mutumin ya sa tafin hannu ya buga sau ɗaya. Falankin ya faɗi a gabana, ƙusoshinsa a tsaye.

Na ce, "Yaya, kayan magada ne fa."

Ya dube ni da mamaki, ya manta sarai. "Wannan? Ai falanki ne kawai, Hajiya. Ku jefar da shi."